Siriri ma yana iya samun kitse a jini

A Gusau an daɗe ana cewa mai ciwon suga, in dai siriri ne, ba ruwansa da kitse. Ba haka ba ne. Kitsen jini ba ya nunawa a jiki, kuma idan ya haɗu da suga yana ƙara lalata jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya. Sai mutum yana zaune zuciyarsa na gudu, ko jiri ya ɗebe shi da ya miƙe daga tabarma. Abin da ya fi damuna, ciwon zuciya kan zo wa irinsu ba tare da zafin ƙirji ba.

Bayan ka huta, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga bugun minti ɗaya. In kullum ya haura 100, je asibiti, a haɗa da gwajin kitsen jini.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.