Monte Kiffin

Monte Kiffin kocin ƙwallon ƙafar Amurka ne wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana koyar da tsaron gida, a jami'o'i da kuma gasar ƙwararru ta NFL. An haife shi ranar 29 ga Fabrairu, 1940, a garin Lexington na jihar Nebraska, ya rasu ranar 11 ga Yuli, 2024, a Oxford ta jihar Mississippi.

Ya yi wasa a Jami'ar Nebraska, ya ɗan taɓa wasan ƙwararru a Kanada, sannan ya dawo jami'arsa a 1966 ya kama aikin horarwa a ƙarƙashin Bob Devaney. Yana cikin masu horar da 'yan baya lokacin da ƙungiyar ta zama zakarar ƙasa a 1970 da 1971. Daga nan sai Arkansas, sai Jami'ar NC State, inda ya riƙe muƙamin babban koci daga 1980 zuwa 1982, ya ci wasa 16, aka ci shi 17. Bai sake zama babban koci ba. Ya shiga NFL a 1983, ya yi aiki a Green Bay, Buffalo, Minnesota, New York Jets da New Orleans.

A Tampa Bay Buccaneers ne sunansa ya fito. Tony Dungy, babban kocin ƙungiyar, wanda suka yi aiki tare a Minnesota, ya ɗauko shi a 1996, suka gina tsarin tsaron gida da ake kira Tampa 2. Mutum huɗu na sahun gaba ne kaɗai ke afka wa mai jefa ƙwallo. Biyu su tsaya can baya, kowa ya riƙe rabin fili. Ɗan tsakiya kuma, da zarar ya ga za a yi jifa, sai ya juya a guje ya toshe giɓin da ke tsakaninsu. Ana barin abokan karawa su ci gajeren jifa, amma nan take a kayar da wanda ya cafe. Don haka Kiffin ya fifita sauri a kan girman jiki, ya kuwa dace da mutane irin su Warren Sapp, Derrick Brooks, John Lynch da Ronde Barber.

Da aka sallami Dungy, Kiffin ya ci gaba da aiki da sabon babban koci, Jon Gruden. A wasan ƙarshe na Super Bowl a Janairun 2003, yaransa sun cafe jifan Rich Gannon, mai jefa ƙwallon Oakland Raiders, har sau 5, uku daga ciki suka ruga da su har gidan Raiders ɗin, aka tashi 48 da 21. Da wuya a nuna wasan ƙarshen da 'yan baya suka mamaye kamar wannan.

Bayan kakar 2008 ya bar Tampa ya koma aiki a ƙarƙashin ɗansa Lane Kiffin, a jami'o'in Tennessee da Southern California (USC). Ya je Dallas Cowboys a 2013, amma tsaron bai yi kyau ba. Ƙarshen aikinsa ma tare da ɗan nasa ya yi shi, a jami'o'in Florida Atlantic da Mississippi (Ole Miss). A 2021 Buccaneers ta sa sunansa cikin jerin gwarazanta a filin wasanta.