Ma'anar Tambarin Runduna a Kakin Soja

Tambarin runduna shi ne alamar da ake ɗinkawa a saman hannun rigar soja, kusa da kafaɗa, ko ake zanawa a jikin motoci da ƙofar bariki, domin a san ƙungiyar mayaƙan da mutum yake cikinta. Mutane da yawa suna haɗa shi da alamar muƙami, alhali kuwa aikinsu daban ne. Igiya biyu ta kofur, da igiya uku ta saje, da aninin da ke kafaɗar hafsa, duk matsayin mutum ɗaya suke nunawa. Shi kuwa tambarin runduna, wanda janar ya ɗaura shi ne wanda farabiti zai ɗaura, matuƙar rundunarsu ɗaya ce.

Akwai kuma babban tambarin da ya haɗa sojan ƙasa baki ɗaya. Na sojan ƙasa na Najeriya yana da mikiya a sama, da tauraro mai tsini shida, irin wanda ke jikin tsohon anini da kwabo na zamanin Turawa, sannan da rubutun Larabci mai cewa "Nasrun minallah", wato nasara daga Allah take, lafazin da ya zo a aya ta 13 ta Suratus Saffi. Ƙarƙashin wannan ne kowace runduna take da nata.

Al'adar ta yi ƙarfi a sojan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma dalilin tsaro ne ya kawo ta. Idan aka rubuta lambar runduna ƙarara a jikin mota, ɗan leƙen asirin abokan gaba zai gane waɗanda aka turo fagen daga ba tare da wahala ba. Sai aka koma ga hoto, wanda na gida zai gane da kallo ɗaya, baƙo kuma sai ya yi bincike. Wannan ne ya sa masu tsara tambari suke zaɓen siffa mai sauƙi da launi biyu ko uku masu fitowa fili, domin ƙyalle ne ɗan ƙarami da ake so a shaida shi daga nesa, ko da ƙura da gumi sun dusashe shi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na rundunoni biyu da aka kafa a 1943 da samarin Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya, aka kai su yaƙin Bama domin fuskantar sojan Japan. Hausawa da masu jin Hausa suna da yawa a cikinsu. Runduna ta 81, wadda Manjo Janar Woolner ya jagoranta, ta ɗauki baƙin gizo-gizo a kan ƙyalle ruwan ɗorawa. Wannan shi ne Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan ƙaramin halitta mai kayar da manyan dawa da dabara, kuma Bahaushen da ya tashi da labarin Gizo da Ƙoƙi ba ya buƙatar a yi masa fassara. Ana ɗinka shi kansa yana kallon ƙasa, ta yadda idan soja ya miƙa hannu ya saita bindiga, gizon zai zama ya fuskanci abokan gaba.

Tambarin Runduna ta 82 ne ya fi burge ni, domin ya faɗi gaskiyar yadda aka yi wannan yaƙi. Mashi biyu ne aka gitta a kan gammo, irin wanda ɗan dako yake naɗawa ya ɗora a ka kafin ya ɗauki kaya. A dazuzzuka da tsaunukan Arakan, wani yanki na yammacin Bama, akwai wuraren da mota ba ta shiga, don haka jiragen sama ne suke jefo abinci da harsasai, sannan dubban sojoji 'yan dako, da yawansu ba su riƙe da bindiga, su ɗauka a ka su bi mayaƙa ta hanyar da aka sare da adda. Har sassan ƙananan igwa a ka ake ɗaukarsu. Rundunar da za ta iya zaɓen zaki ko damisa ta zaɓi ta ɗora gammo a kafaɗar kowane hafsa da kowane farabiti, kuma a ganina wannan girmamawa ce da waɗannan mutane suka cancanta, domin ba don wuyansu ba da rundunar ba ta motsa daga inda aka sauke ta ba.

Rundunonin biyu sun haɗu a yaƙin ƙwace garin Myohaung a watan Janairu na 1945, kuma sunan garin ne aka sa wa wani bariki a Yaba da ke Legas. Bayan yaƙi an rushe su, amma daga baya sojan Najeriya sun farfaɗo da lambobin, shi ya sa har yanzu ake da Runduna ta 81 a Legas da Runduna ta 82 a Enugu.