Girman Kwalbar Ake Dubawa, Ba Abin da Ya Rage a Ciki Ba

Matafiya da yawa sun daɗe suna zaton cewa dokar filayen jirgin sama da ta taƙaita abu mai ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100 tana nufin yawan ruwan da ke cikin kwalba, har mutum ya zo da kwalbar turare mai cin mililita 200 wadda ta kusa ƙarewa, yana ganin za ta wuce. Ba haka abin yake ba. Jami'in bincike adadin da aka rubuta a jikin kwalbar yake dubawa, in ya haura 100 sai a karɓe ta, ko da ɗigo kaɗan ne ya rage a gindinta.

An kafa wannan doka ne a 2006, bayan 'yan sandan Birtaniya sun bankaɗo shirin tarwatsa jirage masu zuwa Amurka da sinadarai masu ruwa da aka ɓoye a kwalaben lemo. Dokar ta haɗa da man shafawa, man goge baki da zuma, abin da mutane kan manta. Magani da madarar jariri an ɗauke musu wannan iyaka, amma a nuna su. Wasu filayen jirage masu sababbin na'urori sun sassauta, sai dai mai sauya jirgi a hanya kada ya dogara da hakan.