Me ake nufi da "rimasta" a jikin kwalin faifai?

Duk mai sayen faifan tsofaffin shirye-shiryen talabijin, ko mai lalubensu a Netflix da ire-irensa, ya saba cin karo da kalmar Remastered, wani lokacin ma da ruwan zinariya a goshin kwali. Tushenta shi ne "masta", kalmar da 'yan fim a Kano suka daɗe da sani: uwar kwafi, wadda daga jikinta ake buga duk sauran. Rimasta kuwa shi ne a sake haɗa sabuwar uwar kwafi, a koma ga abin da aka ɗauki shirin a kansa tun farko, a ciro hoto da sauti da na'urorin yau.

A takarda ke nan. A kasuwa babu mai sa ido kan kalmar, wanda ya shekara uku yana aiki da wanda ya danna maɓalli ɗaya a kwamfuta duk ita suke bugawa. Abin da ke raba su tambaya ce guda: a kan me aka ɗauki shirin, kuma wane kwafi aka koma wa?

Kaset ɗin bidiyo yana da iyaka tun ranar ɗauka. Layin hoto 576 ne a tsarin PAL, wanda Ingila da Najeriya suka yi amfani da shi, 480 a tsarin NTSC na Amurka. Faifan Blu-ray yana ɗaukar layi 1080, na 4K kuma 2160. Neman hoton 4K a jikin kaset mai layi 576 neman jini ne a jikin fara. Zaren fim mai faɗin milimita 35 daban yake: ba layuka gare shi ba, ƙananan ƙwayoyin sinadari ne ke riƙe da hoton, kuma abin da suka adana ya fi ƙarfin akwatin talabijin na wancan zamani nesa ba kusa ba. Shi ya sa shirin da aka ɗauka a zaren fim a 1965 zai iya fitowa garau, na 1995 da aka ɗauka a kaset ya zauna dishi-dishi.

Idan zaren fim ne, daga ma'ajiya ake farawa. A nemo nagatif na asali, wanda ya fito daga cikin kyamara. A warware shi a hannu, a gyara mahaɗin da ya saki da hujin gefen da ya yage, a wanke ƙura. Sannan a ɗora a na'urar sikanin, ta ɗauke shi hoto ɗaya bayan ɗaya. Hoto 24 ne a daƙiƙa, wato kashi guda mai minti 45 ya ƙunshi hoto 64,800. Manhaja ce ke fara share tabo da karce, amma sai mutum ya bi bayanta, don takan ɗauki ɗigon ruwan sama ko tsuntsu a nesa a matsayin datti ta goge. Daga nan sai daidaita launi, a riƙa gwadawa da kwafin da aka watsa a da, sai sauti daga faifansa na asali.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne shirye-shiryen Amurka na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990. Da yawansu da zaren fim aka ɗauke su, amma a kaset aka tace su, don haka babu wani cikakken kwafin fim da za a ɗauko a yi sikanin. Star Trek: The Next Generation, shirin tafiye-tafiye a sararin samaniya, misali ne da aka sani. Kashi 178 ne, an watsa daga 1987 zuwa 1994. Da tashar CBS mai shirin ta tashi fitar da shi a Blu-ray tsakanin 2012 da 2014, sai da aka zaƙulo ɗanyen abin da kyamara ta ɗauka, aka nemo kowace fitowa, aka sake tace shirin daga farko daidai da yadda tsohon kaset ya nuna, aka sake harhaɗa siddabarun jirage da taurari. Inda ɗan guntun zare ya ɓace, dole aka cike da tsohon kaset, kuma mai ido yana ganin wurin. Ƙannensa biyu, Deep Space Nine da Voyager, ba su samu wannan gata ba, domin da yawa daga siddabarunsu da kwamfuta aka zana a ƙaramin ma'auni, sai dai a sake zanawa gaba ɗaya.

Ɓarnar da ta fi yawa a faɗin allo take. Idan aka gwada faɗi da tsayi, tsohon talabijin 4:3 ne, na yanzu 16:9. Mai son cika allon zamani da tsohon hoto sai ya yanke sama da ƙasa, kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ya tafi ke nan. Haka aka yi wa shirin katun The Simpsons da aka buɗe dandalin kallo na Disney+ a 2019, har wasu abubuwan dariya suka fita daga allo. Masu kallo suka yi ca, a 2020 aka dawo da zaɓin 4:3. Wani kuma yakan buɗe gefuna, tunda zaren ya ɗauki fiye da abin da aka nuna, sai ga ƙafar fitila ko ma'aikaci tsaye a gefe. Akwai kuma masu goge ƙwayoyin nan na fim da sunan tsafta. Ƙwayoyin su ne hoton. Idan aka matsa, fuskar ɗan wasa ta koma sumul kamar an shafe ta da kakin zuma, saƙar riga ta ɓace.

Mafi arha shi ne kumbura hoto: a ɗauki tsohon masta mai layi 480 ko 576, manhaja ta ƙirƙiro ɗigon da babu. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun iya kaifafa gefen fuska, amma cinta suke yi. A duba rubutun allon shago a bayan fage, ko fuskokin taron jama'a, ko haƙora, nan asirinsu ke tonuwa.

Wani lokaci ma mastan babu shi. BBC ta goge kasetocinta da yawa a shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da su. Abin da ya ceci wasu shirye-shiryen shi ne kwafin da ta sayar wa tashoshin ƙetare a zaren milimita 16. A 2013 aka sanar cewa Philip Morris, wani mai farautar ɓatattun shirye-shirye, ya gano kashi tara na shirin BBC Doctor Who da aka fid da rai da su a wata tashar talabijin a Jos, na 1967 da 1968. An gyara su an fitar a DVD. Sai dai irin wannan kwafi kyamarar fim ce aka kafa a gaban allon talabijin ta ɗauka, don haka komai wanki ba zai wuce ƙarfin hoton talabijin na lokacin ba.

Ga masu riƙe da tsofaffin finafinan Hausa, hukuncin kaset ne ya hau kansu. Yawancin abin da ke yawo a YouTube da tambarin HD daga faifan VCD aka kwafo, mai ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, aka kumbura. Aikin ƙwarai shi ne a nemo mastan kansa. Idan VHS ne ko Betacam, a tsabtace kan injin bidiyo, a bi da siginar ta na'urar daidaita rawar hoto, a adana ba tare da matsewa ba. Idan MiniDV ne, a kwafe kai tsaye ta wayar FireWire, awa guda kusan gigabait 13, babu abin da zai ragu. Kaset mai fumfuna kada a sa shi a inji sai an share, in ba haka ba ya ɓata kansa ya ɓata injin. Wanda ya yi danƙo akan gasa shi a na'urar musamman a zafin kusan digiri 50 na sa'o'i, ba a rana ba, ba kuma a murhu ba, sannan a kwafe shi cikin 'yan kwanaki kafin danƙon ya dawo.

Kafin a biya kuɗi, a juya bayan kwali. Kamfanin da ya yi aikin gaske ba ya ɓoyewa, zai rubuta cewa daga nagatif na asali aka yi sikanin, kuma a 2K (kusan ma'aunin Blu-ray) ne ko 4K. Wanda ya tsaya kan "rimasta ta dijital" kawai, ba tushe ba ma'auni, a yi masa kallon hadarin kaji. In kuma an sa faifan tsohon shiri aka ga baƙin shafi dama da hagu, kada a danna maɓallin cika allo: alama ce an bar hoton a faɗinsa na asali.