Gam ɗin takalmi ba zai riƙe jirgin roba ba

'Yan'uwa masunta na Sabke da Daberam, da ku da ke shiga ruwa a Ajiwa da Zobe, ina da magana da duk wanda ya mallaki jirgin roban nan da ake hura wa iska.

Kwanakin baya na tarar da wani saurayi a bakin ruwa yana ɗiga supa gulu a kan huda. Ya hura, ya ce mini, "Malam, ai ya kama." Na ce masa a tudu ya kama. Supa gulu idan ya bushe ƙandarewa yake yi, jirgi kuwa lanƙwasa yake da kowace igiyar ruwa, sai ya tsage a tsakiyar dam inda babu mai miƙo maka hannu. Gam ɗin takalmi ma rana tana narka shi. Solushan ɗin mai faci kuma na robar taya ne, a can yake da amfani.

Kafin ka sayi gam, san fatar jirginka, domin galibi iri biyu ce: PVC da Hypalon. Samu wani lungu ka goga samfefa kaɗan. Idan wurin ya dushe yana fitar da gari, Hypalon ne. Idan ƙarzuwa kawai ya yi, ƙyallinsa na nan, PVC ne. Leƙa ta bakin hura iska ma: PVC launinsa ɗaya ciki da waje, Hypalon cikinsa baƙi ne ko ruwan toka. PVC gam ɗin poliyuritan yake so, Hypalon kuma na niyofirin. Ka musanya su, facin zai ɓantale kamar ɓawon gyaɗa. Karanta jikin gwangwani, ko ka ba yaro ɗan makaranta ya karanta maka, ka duba kwanan wata kuma, gam ɗin da ya shekara a shago ƙarfinsa ya ragu.

Ni dai nakan ce a nemi mai haɗi biyu, wanda ke zuwa da 'yar kwalbar da ake zubawa a gauraya. Ya fi tsada, amma shi ne ke jure zafin bazararmu. In ka haɗa, sa'o'i kaɗan gare ka kafin ya mutu, don haka dama daidai aikinka.

Lokaci ma yana da nasa. Da damina danshi kan hau kan gam ya yi fari-fari, ba zai kama ba. Da hunturu iska a bushe take, sai dai ƙura, a rufe aikin. Kada a yi a rana, a yi a inuwa inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da sigari, domin tururinsa yana kama wuta, yana kuma juya kai. A kori yara daga wurin.

Yanki facin daga irin fatar jirgin, ya zarce hudar da santimita 5 ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyinsa. A wanke, a bushe, a shafa gam siriri a fuska biyu, a bari ya sha iska, a ƙara shafi na biyu, sannan a haɗa a murza da bayan cokali daga tsakiya zuwa baki.

Ga inda aka fi yin ɓarna: gaggawa. Na san kwana guda ba kamu ba ƙaramar asara ba ce ga mai iyali, amma a ba shi awa 24 aƙalla kafin a hura, 48 ya fi. Bayan nan a hura, a shafa ruwan sabulu, a duba kumfa, a bar shi ya kwana a cike. Da safe in ya saki, kada ya taɓa ruwa. In kuwa haɗin jirgin ne da kansa ya buɗe, ko tsagar ta kai taƙi, wannan ya wuce facin gida, a kai wa wanda ya iya.