Waiwaye: Daga Yaba zuwa zamanin tiramadol, yadda likitocin ƙwaƙwalwa suka koyi sha'anin shaye-shaye

A shekarar 1907 Turawan mulkin mallaka suka buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali a Yaba ta Legas, wanda a yau ya zama Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, ɗaya daga cikin manyan wuraren horar da likitocin wannan fanni a Najeriya. A farkon zamaninsa hukuma ba ta damu da warkarwa ba. Burinta a kau da mutum daga titi a kulle shi, kuma dokar mahaukata ta 1916 da wadda ta gaje ta a 1958 duk a kan wannan tunani aka gina su. Mai shaye-shaye ba ya shiga lissafi sai ya kai ga tuɓe riga a kasuwa. Tabon wannan mafari yana nan har gobe: likitan da ke koyon aiki a Legas ya fi haɗuwa da ɗan ƙwaya a ƙarshen tafiyarsa, bayan an kai an kawo, an gaji, an ɗaure shi an sako a mota.

Abin maye na farko da ya ja hankalin likitocinmu shi ne wiwi. Masu bin diddigin tarihi sun fi danganta yaɗuwarta da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, musamman waɗanda suka yi zama a Indiya da ƙasar Bama (Burma), da kuma ma'aikatan jiragen ruwa da ke sauka a Ikko. A wannan zamani ne Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, inda majinyaci ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa yana zuwa asibiti da rana. Tolani Asuni ya wallafa bincike a kan wiwi a 1964, Lambo ya yi nasa a 1965, sannan Alexander Boroffka, Bajamushen likitan da ya yi aiki a Yaba, ya rubuta a kan wiwi da ciwon ƙwaƙwalwa a Legas a 1966. Tambayar da ta fi cin ransu ita ce: shin wiwi na haukata mutum? Tambaya ce mai kyau, kuma ilimin yau ya nuna cewa yawan shanta, musamman mai ƙarfi kuma tun da ƙuruciya, yana ƙara haɗarin gushewar hankali. Sai dai mutanen da suka duba duk waɗanda aka riga aka kwantar ne. Dubban da ke busa hayaƙi su tafi aiki da safe ba su taɓa shiga fayil ɗin kowa ba.

Gwamnati kuwa sanda ta ɗauko. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekaru masu yawa ga mai noman wiwi, kafin a sassauta ta a 1975. A farkon shekarun 1980 hodar iblis da hiroyin suka fara ratsa filin jirgin Murtala Muhammed zuwa Turai da Amurka, abin da ya zube a hanya kuma ya samu masu saye a unguwannin Legas. Gwamnatin Janar Buhari ta kafa doka mai lamba 20 a 1984, a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a gidan yarin Kirikiri da ke Legas bisa laifin safara. A 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Ko me mutum zai ce game da wannan tsauri, ya bar wa likita wata matsala a ɗakin duba marasa lafiya: wanda ya san abin da yake sha zai iya kai shi kurkuku ba zai buɗe ciki ga baƙo mai farar riga da biro a hannu ba. Ɓangaren magani a hankali ya biyo baya. Sai a 1983 asibitin Aro ya buɗe sashe na musamman don jinyar masu shaye-shaye da koyarwa da bincike, daga baya sauran asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, har da Yaba, suka ware nasu.

Duka kwalejojin biyu da ke yi wa likitocin ƙwaƙwalwa jarrabawar ƙwarewa suna da mazauni a Legas: ta Afirka ta Yamma da ke Yaba, da ta ƙasa da aka kafa a 1979, wadda ke Ijanikin. Abin da ɗalibi ke haddacewa don haye wannan jarrabawa ya samo asali ne daga aikin Griffith Edwards da Milton Gross na 1976 a kan kamuwa da giya: tsananin ƙishirwar abin, kasa tsayawa in an fara, buƙatar ƙari kafin a ji yadda ake ji da, ciwon jiki in an daina, da fifita shi a kan aiki da iyali. A 2013 kundin likitocin Amurka, DSM-5, ya haɗe matakan cutar a ƙarƙashin alamomi 11. Biyu ko uku cutar mai sauƙi ce, shida zuwa sama mai tsanani. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, ya fara aiki a 2022.

A kan giya ilimin ya zauna daram, kuma Legas ba ta rasa majinyata ba. Duk wanda ya ratsa tashar mota da sassafe ya ga masu tiren faraga, wato barasar da ake haɗawa da saiwoyi. Ɗalibi ya san cewa rawar hannu da zufa kan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, rikicewar hankali mai iya kisa kuma ta fi zuwa a kwana na biyu ko na uku, a tare ta da diyazefam da bitamin B1. Inda ake samun giɓi shi ne wurin tambaya. Likita ya ga mutum da hula da carbi sai ya tsallake batun giya, ko don kunya ko don zaton an wuce wurin. Takardar tambayoyi goma ta AUDIT, wadda ake auna shan giya da ita, ba ta ware addinin kowa ba, kuma Bahaushen da ya shekara ashirin a bariki shi ma ɗan Adam ne.

Abin da littattafan ba su shirya wa kowa ba shi ne ranar da maye ya koma kantin magani. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta a kan maganin tari mai kodin, cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi. A farkon 2019 kuma aka fitar da sakamakon babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara ɗaya kafin binciken, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Ga masu ɗauka cewa wannan annobar Arewa ce kaɗai: Kudu maso Yamma ce ta zo kan gaba da kashi 22.4 cikin ɗari, Arewa maso Yamma na da kashi 12.

Ga irin abin da likita mai koyon aiki ke tararwa da daddare. An kawo saurayi ɗan dako daga kasuwar Mil 12, ya faɗi yana shure-shure, ya ciji harshe. Likitar ba ta jin Hausa, yaron bai iya Turanci ba sai na ciniki, don haka kawun da ya kawo shi daga gida tun yana ɗan shekara sha biyar shi ne tafinta.

"Baba, tambaye shi ko yana shan wani abu."

"Ranki ya daɗe, yaron nan ko sigari ba ya sha. Iska ce, a gidansu ma akwai mai ita."

Yaron ya sunkuyar da kai. Sai da aka aiki kawu sayen kati, wata ma'aikaciyar jinya da ta tashi a Agege ta matso ta ce, "Ɗan'uwa, nawa kake jefawa kafin ka fita aiki?" Ya ɗaga yatsu uku. Daga aljihun wandonsa aka ciro ragowar sacet ɗin tiramadol, kowace ƙwaya miligiram 225.

Wanda hukuma ta amince a sayar bai wuce mai 50 da mai 100 ba, kuma iyakar abin da likita zai rubuta wa babba a yini 400 ne. Kwantena-kwantena na mai 225 ake kamawa a tashar Apapa. Tiramadol ya sha bamban da sauran danginsa domin ban da kashe zafi yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda magungunan ciwon damuwa ke taɓawa, shi ya sa yake jawo farfaɗiya, shi ya sa kuma haɗa shi da irin su fuluwoksetin ke da haɗari. Likitan da bai tono wannan tarihi ba zai ɗora yaro a kan maganin farfaɗiya na shekaru, alhali ƙwayar na aljihu. In kuma an yanke ta farat ɗaya, ga hamma da majina da gudawa da ciwon gaɓoɓi, ga firgici da rashin barci a kai.

A ganina nan ne ilimin da aka gada daga zamanin wiwi ya fi gazawa. Ɗan dako da ɗan ga-ruwa da ɗan acaba ba nishaɗi suka je nema ba, ƙarfin ɗaukar buhu suka saya. In an ce ya daina, tambayarsa ta farko ita ce da me zai yi aikin gobe, kuma wa'azi ba ya amsa ta. Wasu ƙwayoyin ma daga taskar likitocin suke fita. Exol, wanda ake ba masu ciwon ƙwaƙwalwa don rage sandarewar jiki da magungunansu ke jawowa, ya zama kayan kasuwa. Allurar kashe zafi ta fentazosin ta kama wasu masu amosanin jini da wasu ma'aikatan lafiya, ana gane su da gyambon da ya cinye cinya da damtse.

Iyalan Hausawan Legas da yawa ba sa bi ta asibiti sam, ko da kuwa asibitin koyarwa na LUTH a tsakiyar Idi-Araba yake, unguwar da Hausa ke tashi ta ko'ina. Yaro ya lalace, sai a sa shi a motar Arewa zuwa gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, aka yi ta Allah wadai. Iyayen da suka kai su ba duka ne mugaye ba. Gadon asibiti tsada, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su kai 300 ba, ana yaye su Ingila da Kanada na kwashewa.

A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Kasuwa ba ta jira ta ba. Tun 2011 aka gano wurin dafa ƙwayar met (methamphetamine) na farko a Legas. Samari na busa kolorado, ganyen da galibi aka fesa wa sinadarin da ya fi wiwi ƙarfi nesa ba kusa ba. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda haɗin tafentadol da karisofurodol daga Indiya ke cike gurbin tiramadol a Afirka ta Yamma, har hukumomin Indiya suka hana haɗa shi. Gwajin fitsari na yau da kullum, wanda aka tsara don kama hiroyin da wiwi da hodar iblis, ba ya ganin tiramadol sai an nemi nasa na musamman, haka ma sinadaran kolorado. Sakamako kan fito fes alhali majinyaci na layi a kan benci, dole likita ya ajiye takardar ya koma ga tambaya, bayan ya nemi dangi su ɗan jira a waje.