Giyar Hannu Ba Ta Fi Otomatik Gudu Ba

A garejojin Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, har yau za ka ji makanike yana rantsuwa cewa motar tsere ta gaske sai mai giyar hannu, wai otomatik lalatacciya ce wajen tashi. Maganar tana da asali, domin tsofaffin otomatik masu giya uku ko huɗu suna ɓarar da ƙarfin inji, kuma suna jinkiri kafin su canza giya.

Amma zamani ya wuce nan. Tun 1989 Ferrari ta shiga gasar tseren motoci ta Formula 1 da motar da direbanta ke canza giya da yatsu a bayan sitiyari. A 2008 kuma Porsche ta sanya wa motarta ƙirar 911 giyar otomatik da ake kira PDK, mai kuloci biyu: yayin da ɗaya ke jan mota, ɗayan ya riga ya kama giya ta gaba, don haka ƙarfi ba ya yankewa. Direban mota mai giyar hannu kuwa, komai gwanintarsa, dole ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka kuloci, sannan ya tura sandar giya.

Inda giyar hannu ta yi fice, a ganina, shi ne sauƙin gyara, musamman a nan yankinmu da kayan gyaran PDK ke da wuyar samu.